Daga Ƙofar Dundaye Zuwa Gulbi: Tarihin Ladabin Shiga Daji da Ɗan Abin da Ya Riƙe Shi

Gabatarwa

Ranar Alhamis da la'asar, da yake makarantar allo ba ta zama, mu yaran unguwannin da ke kusa da Ƙofar Dundaye mukan yi ayari mu gangara daga tudun da tsohon birnin Sakkwato yake a kai, mu ratsa gonakin fadama har mu kai bakin gulbi. Can muke iyo, mu yi langa a kan yashi, mu jefa ƙugiya, mu tsinci magarya da goriba idan lokacinsu ne. A bakin ruwan akwai wani dattijo masunci da kullum za ka tarar da shi a gindin gawo yana gyaran koma. Ba mu san sunansa na yanka ba, Baba kawai muke ce masa. Wata rana na kamo 'yar karfasa wadda ba ta kai tsawon yatsa ba, ina murna zan jefa ta cikin gwangwani, sai ya kira ni ya ce, "Kai jikana, maida ta ruwa. Wanda duk yac ci ɗiyan kifi bana, mi za shi ci baɗi?" Shi ne ya nuna mana gurbin da ba a shiga ko da ruwa ya janye, ya hana mu fasa kwalba a kan yashi, ya kuma hana mu tashi mu bar wuta tana ci idan mun gasa abin da muka kama. Ba wanda ya ɗauke shi wannan aiki. Abin da yake samu bai wuce goro da 'yan kwanonin hatsi da iyayenmu kan aika masa da kaka ko da azumi ba.

Bayan rasuwarsa ba a sami wanda ya gaji gindin gawon ba. Ba a yi shekaru da yawa ba wani yaro ɗan unguwarmu, wanda bai riski zamanin Baba ba, ya nutse a daidai gurbin nan da kowane ɗayanmu ya san ba a shiga. Wannan rashi ne ya sa na fara tambayar kaina daga ina Baba ya samo iliminsa, wa ya ba shi ikon tsawata wa 'ya'yan mutane, kuma me ya sa da ya tafi ilimin ya bi shi.

Muƙalar nan za ta bi tarihi ne domin nuna cewa koyar da jama'a yadda za su shaƙata a daji da bakin ruwa ba tare da sun yi ɓarna ba tsohon abu ne a Sakkwato, kuma ɗan abu kaɗan ne ya riƙe shi tsawon zamani. Za ta nuna yadda wannan tarbiyya ta yi rauni bayan da ikon daji da ruwa ya bar hannun mutanen wuri, sannan ta duba abin da tsarin ƙananan tallafi na wannan zamani zai iya gyarawa da wanda ba zai iya ba.

Birni a Tudu, Gulbi a Gangare

A shekarar 1809 Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a matsayin ribaɗi a kan tudun da ke kallon mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato. A 1815 mahaifinsa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya taso daga Sifawa ya zauna a nan, aka faɗaɗa garin domin ya ɗauki jama'arsa, a nan kuma ya rasu a 1817. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya iso birnin a watan Maris na 1824, ya ba da labarin doguwar ganuwa mai ƙofofi goma sha biyu waɗanda ake rufewa da faɗuwar rana. Waɗanda sunayensu suka fi zama a bakin mutane har yau takwas ne: Ƙofar Kade, Ƙofar Ƙware, Ƙofar Rini, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Aliyu Jeɗo, Ƙofar Marke da Ƙofar Atiku.

Sunayen kansu suna da abin faɗi. Atiku da Aliyu Jeɗo manyan mutanen daula ne. Rini sana'a ce. Marke da taramniya kuwa sunayen itatuwa ne na dajin wannan yanki, abin da ke nuna irin kusancin birnin da abin da ke tsiro a bayansa. Ƙware da Dundaye garuruwa ne da hanya ta nufa. Wanda ya fita ta Ƙofar Dundaye gangare yake yi zuwa kwarin gulbi, ya ratsa fadama, ya ƙetare ruwa, sannan ya hau tudun Dundaye a ɗaya gefen.

Wannan kwari shi ne huhun birnin. A ƙasar da damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, zafin bazara kuma yakan haura digiri 40, fadama ce kaɗai take zama kore bayan ko'ina ya bushe. Heinrich Barth, wanda ya zo a 1853, ya lura da yawan shinkafar da ake nomawa a kwarin. Nan ake su, nan ake shayar da shanu, nan majema ke samun bagaruwar jimar fatun jajayen awakin da suka yi suna har ƙasashen ƙetare. Nan ne kuma wurin nishaɗi: barade na kilisar dawaki, samari na kokawa bayan girbi, yara na iyo, mafarauta na fita da karnukansu. Wuri ɗaya ke nan da manomi da makiyayi da masunci da mai shan iska duk suke buƙata, kuma wuri irin wannan ba ya ɗorewa sai da ƙa'ida.

Hurumi

Malaman da suka kafa daular sun san haka. Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya rubuta littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da ake mallakar ƙasar da ba ta da mai ita. Daga cikin abubuwan da fiƙihun Malikiyya ya tanada a wannan babi akwai harimi, wato filin da ke kewaye da gari ko rijiya ko gulbi wanda ba a yarda mutum ɗaya ya killace shi ba, domin a nan jama'a ke kiwo da itace da ɗibar ruwa. Akwai kuma hima, yankin da shugaba zai keɓe saboda maslahar jama'a. Kalmar harimi ce Hausa ta mayar hurumi, har ta zama ana cewa abu kaza ba huruminka ba ne ga wanda ya tsoma baki inda bai dace ba. Shi ma Muhammadu Bello, a littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da hanyoyi da gadoji da kasuwanni da masu sana'a cikin wajiban shugaba.

Amma doka a littafi daban, abin da yaro ke yi a bakin gulbi daban. Alƙali yana cikin birni, ba ya ganin wanda ya sare reshen tsamiya ko ya zuba dafi a tafki. Abin da ya sa dokar ta yi aiki shi ne an same ta a bakin mutanen da ke zaune a wurin, suna faɗa wa na baya, kuma jama'a sun yarda suna da ikon faɗa.

Malaman Ruwa da na Daji

Tun kafin jihadi ƙasar Hausa tana da sarautun sana'a, daula kuma ta bar da yawansu suna aiki. Sarkin Ruwa shi ne ya san zurfin kowane gurbi da inda kada ke kwana, shi ke faɗin ranar da za a buɗe tafki a yi su, shi ke tsawata wa mai zuba magimfa a ruwa don kifi ya bugu ya taso babba da yaro. A wannan gulbi Kabawa da Sarkawa ne suka fi shahara da wannan ilimi. Farauta ita ma tana da shugabanta da lokacinta: da rani ake buga gangi a fita, bayan an kawar da amfanin gona, ba a lokacin da shuka take tsaye kuma namun daji suke renon 'ya'ya ba. Manomi kuwa ko sabon saran gona yake yi yakan bar gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsaye, saboda ya san amfanin da suke yi wa ƙasa da dabba da tukunya. Burtali da mashaya sanannu ne, wanda ya shuka a kansu shi ya jawo wa kansa.

Ba za a ce zamanin da babu ɓarna ba. An ƙona daji saboda gafiya, an kuma ƙarar da manyan namun daji a wurare da dama. Sai dai akwai wanda ake jin kunyarsa, akwai kuma inda ake kai ƙara ba tare da an yi tafiya mai nisa ba.

Misalin da ya rage a fili har yau yana ƙasa da Sakkwato a kan wannan gulbi, wato Argungu. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara, wadda ta rufe babin tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi, aka shirya masa gagarumin su a Matan Fada. Daga nan bikin ya samo asalin shahararsa, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Abin lura ga mai nazari shi ne ƙa'idojinsa. Ana hana kamun kifi a Matan Fada a sauran watannin shekara. Ranar su ba a shiga ruwa sai an ba da izini, kayan aikin kuwa homa ce da gora, kuma ba a daɗe ba ake cewa a fito. Dubban mutane ne ke nishaɗi a rana ɗaya, gulbi kuma ya huta shekara guda. Manyan kifayen da ake ɗagawa a nuna wa duniya haƙurin wata goma sha ɗaya ne ya haife su.

Duk waɗannan malamai ba su da albashi. Ana ba Sarkin Ruwa kasonsa daga abin da aka kama, a ba shugaban farauta nasa, a aika wa dattijo dami da kaka. Abin ba shi da yawa, amma yana zuwa a kai a kai, kuma daga hannun waɗanda suke amfana yake fitowa, saboda haka mai karɓa ya san ga wa zai amsa tambaya.

Darasin 'Yan Taru

Sakkwato tana da wani misali na ilimantar da al'umma da ƙaramin guzuri, wanda ko da yake ba a kan daji da ruwa yake ba, tsarinsa ya shafi batunmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta ga matan ƙauyuka sun yi nisa da makarantun birni, sai ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa amintacciya daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle a matsayin alamar izini. Jaji takan jagoranci tsofaffin mata da 'yan mata su tako zuwa birni, su haddace waƙoƙin koyarwa da Asma'u ta tsara da Hausa da Fulatanci, su koma su koya wa matan auren da ba su iya fitowa. Sukan zo da 'yar sadakarsu ta hatsi da zuma da zane, ita kuma ta rarraba wa mabukata. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin, tsarin kuma ya tsallake zuwan Turawa ya kai ƙarni na ashirin.

Asma'u ba ta gina makaranta a kowane ƙauye ba, ba ta kuma aika baƙo ya je ya koyar ba. Ta nemi wadda mutanenta suka riga suka amince da ita, ta ba ta ilimi da alamar girma, ta sa darasin cikin harshen da ake ji da sigar da ake iya riƙewa a ka. Kuɗin malfa da ƙyalle bai taka kara ya karya ba, amma aikin da suka yi ya fi shekara ɗari.

Lokacin da Iko Ya Yi Nisa

Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato bayan karawar da aka yi a Giginya. Dokar ƙasa ta 1910 ta mayar da filayen Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, a 1916 kuma aka yi dokar gandun daji da ta kare namun daji. Daga nan aka shiga shata gandaye, aka ɗauki malaman daji masu kaki da takardar tara. Wannan tsari ya yi wasu ayyukan alheri. Dogon yaro, wanda aka fara gwada shi a Barno a 1928 aka kawo shi lardin Sakkwato a shekarun 1930, shi ne yau yake yi wa titunan birnin inuwa. Amma ya sauya yadda talaka ke kallon daji. Da can hurumi na gari ne, wanda ya ɓata shi ya ɓata wa maƙwabcinsa. Yanzu ya zama gandun hukuma, wanda ya sari itace bai ga ya cuci kowa ba, matuƙar malamin daji bai kama shi ba. An maye gurbin kunya da tsoro, tsoro kuwa yana ƙarewa ne da zarar mai kaki ya ba da baya.

Bayan samun 'yancin kai abin ya ci gaba da nisa. An yi dokar namun daji ta Arewa a 1963 da ta wuraren kiwo a 1965. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon sarakuna da hakimai da dagatai, dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuma ta damƙa filaye a hannun gwamnonin jihohi. Sarkin Ruwa ya rage da rawaninsa, amma maganarsa ba ta da ƙarfin da take da shi a da.

A daidai wannan lokaci birnin yana ta cika yana batsewa. Ya zama babban birnin Jihar Arewa Maso Yamma a 1967, sannan na Jihar Sakkwato a 1976. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun koro mutane daga ƙauyuka. Ganuwa ta zube, gidaje suka hau kanta suka wuce, Ƙofar Dundaye ta zama sunan unguwa fiye da sunan mashiga. Jami'ar da aka kafa a 1975, wadda aka sa wa sunan Usmanu Danfodiyo a 1988, ta yi mazauninta na dindindin a ƙasar Dundaye, aka shimfiɗa kwalta ta ratsa fadama ta Kwalkwalawa. Masu zuwa bakin ruwa suka ninka, da yawansu kuma ba su taso a hannun wani Baba ba. Leda ta zo, ruwan leda ya biyo baya a shekarun 1990, magudanun birni suka riƙa kwashe su zuwa gangare. Inda a da ake tsoron magimfa, sai ga wasu suna zuba maganin ƙwari irin Gamalin a ruwa.

Shi kansa gulbin an sauya masa hali. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo kuma a kan Rima a 1984, wadda aka gina don ta riƙe ruwa mita miliyan 942 mai kusurwa uku. Bakolori ta rage ambaliyar shekara-shekara da shinkafar fadama da kifi suka dogara da ita a ƙasanta, rikicin diyyar gonaki kuma ya kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilun 1980. Tashi da saukar ruwa ya daina bin damina kaɗai, ya koma bin buɗewa da rufewar ƙofofin da masunci bai taɓa gani ba. A watan Satumban 2010 ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima, ta yanke hanyar da ta haɗa birni da jami'a, mutane suka koma fito da kwalekwale. Manyan ayyuka sun ci maƙudan kuɗi, wasunsu sun kawo amfani, amma babu ko ɗaya daga cikinsu da aka ɗora wa nauyin koya wa yaro inda zai sa ƙafa a ruwa.

Abin da Duniya Ta Gano Daga Baya

Wannan matsala ba ta tsaya ga Sakkwato ba. A Amurka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu fita dazuzzuka da duwatsu don hutu sun yi yawan da ya fara lalata wuraren da suke so. Hukumomin gandun dajin ƙasar sun ga cewa tara da allunan gargaɗi ba su isa ba, sai suka juya ga koyarwa. A 1985 aka fara shirin Tread Lightly domin masu shiga daji da motoci da babura, a 1994 kuma shirin Leave No Trace, wanda ma'anarsa ita ce kada ka bar sawu, ya zama ƙungiya mai zaman kanta. Ƙa'idojinsa bakwai ne: a yi shiri kafin a fita, a bi turbar da aka riga aka taka, a kwashe shara, a bar abin da aka tarar yadda aka tarar da shi, a yi hattara da wuta, a girmama namun daji, a kuma kiyaye haƙƙin sauran masu ziyara. Hanyar yaɗa su ita ce a horar da mutum ɗaya, a ba shi 'yan kayan koyarwa, ya koma ya koya wa ƙungiyarsa ko makarantarsa. Duk wanda ya san labarin jaji da malfarta ba zai ga wannan baƙon abu ba, kuma biyar daga cikin bakwai ɗin nan na ji su a gindin gawo tun ban san akwai wata ƙasa wai ita Amurka ba.

A fagen kuɗi ma an koma ga ƙarami. A 1992, shekarar taron muhalli na Riyo a Burazil, Asusun Muhalli na Duniya, wanda ake taƙaita sunansa da GEF, ya buɗe shirin ƙananan tallafi a ƙarƙashin Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Shekaru da dama shirin ya riƙa ba ƙungiyoyin al'umma abin da bai wuce dala 50,000 ba kai tsaye, ya kuma fara aiki a Nijeriya a 2009. A cikin gida, Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya da aka kafa a 1980 ta daɗe tana kafa kulob-kulob a makarantu. Shirin Fadama na Bankin Duniya, wanda ya fara a farkon shekarun 1990 da rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa, daga baya ya koma ba ƙungiyoyin masu amfani da fadama tallafi su zaɓi aikin da suke so. Sakkwato kuma tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda aka kafa wa hukuma a 2015. Akasarin waɗannan sun fi karkata ga noma da dashen itace. Tarbiyyar mai zuwa bakin ruwa don nishaɗi ita ce marainiyar da ba ta da mai ɗauka.

Inda Ƙaramin Tallafi Zai Yi Amfani

Idan aka ɗora wannan tarihi a kan halin da bayan Ƙofar Dundaye yake ciki, za a ga aikin da ake buƙata ba mai tsada ba ne. Har yanzu akwai tsofaffin masunta a Kwalkwalawa da ƙauyukan bakin gulbi waɗanda suka san ruwan kamar tafin hannunsu. Akwai masu unguwanni da limamai da malaman allo waɗanda yara ke jin maganarsu. Akwai ɗaliban jami'a masu karatun gandun daji da kiwon kifi da nazarin Hausa, waɗanda kullum suke ratsa fadamar a mota. Ɗan ihisani na wata-wata ga dattijo ɗaya a kowace mashaya, da turaku masu jan ƙyalle a bakin gurabe masu haɗari, da buhunan kwashe leda, da ɗan littafi ko waƙa da Hausa, cikin boko da ajami, mai ɗauke da ladubban shiga daji da ruwa, duka ba za su kai kuɗin kwaltar kilomita ɗaya ba.

Tarihin ya kuma nuna inda ake tuntuɓe. Na farko, tallafin da ya tsaya a otal wajen taron bita, aka raba riguna da huluna aka ɗauki hoto, bai isa bakin gulbi ba. Na biyu, kuɗin da ya zo sau ɗaya da yawa ya fi saurin haddasa rigima a kan wanda yake zuwa kaɗan-kaɗan ba yankewa, domin da yayyafi kogi kan cika. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, kwanon hatsin da iyayenmu suke aika wa Baba yana ɗauke da wani abu da dalar waje ba ta da shi, wato shaidar cewa unguwa ta ba shi izinin tsawata wa 'ya'yanta. Idan tallafin waje ya sa mutane suka janye nasu hannun, an sake yin kuskuren gandun daji ke nan, an mayar da gulbi na masu ba da kuɗi. Tallafi mai amfani shi ne wanda ya zo ya tarar da unguwa ta riga ta zaɓi malaminta ta fara ba shi nata, ya ƙara a kai.

Akwai kuma abin da ƙaramin tallafi ba zai iya ba. Ba zai tsara sakin ruwan Goronyo ba, ba zai hana tifa ɗibar yashi ba, ba zai gina magudanun birni ba. Waɗannan hurumin gwamnati ne. Sai dai al'ummar da ta san darajar fadamarta ita ce take iya tsayawa ta nemi a yi mata su.

Kammalawa

Daga 1809 zuwa yau, filin da ke tsakanin Ƙofar Dundaye da gulbi ya ga daula da Turawa da soja da farar hula. An rubuta masa dokoki da Larabci, an rubuta masa da Turanci. A duk tsawon wannan lokaci, abin da ya fi kare shi da masu shigarsa shi ne mutumin wurin da ya san shi, wanda jama'a suka amince ya koyar, suka kuma riƙe shi da ɗan abin da ya sawwaƙa. Hurumin Abdullahi, da sun Argungu, da malfar jajin Asma'u duk a kan wannan tushe suka tsaya, shirye-shiryen zamani na ƙasashen waje kuma da suka yi dogon zagaye nan suka dawo.

Kwanakin baya na gangara fadama ranar Alhamis da la'asar. Gawon yana nan, an ɗan sassare rassansa don dabbobi. Na ƙirga yara goma sha huɗu suna iyo, biyu daga cikinsu sun doshi gurbin nan. Na kira su na faɗa musu abin da Baba ya faɗa mana, suka dube ni kamar za su yi gardama, sannan suka dawo gefe. Da na hau tudu na biya ta gidan mai unguwa, muka yi magana a kan wani tsohon masunci da ƙarfinsa ya fara ja baya, da abin da gidaje ashirin za su iya haɗa masa duk wata. Ya ce in dawo bayan sallar Juma'a, zai tara iyayen yara.